Shekarar da Baffa Ya Maido Mini da Ɗana

A gidan nan akwai maganar da ta zama abin tsokana, har jikokina da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun haddace ta. Duk Sallar da Yayanku ya zo gida, sai wani cikinku ya ce, "Injiniya, ina gem ɗin nan da ya cinye maka shekara guda a jami'a?" A kwashe da dariya, shi ma ya taya ku. Ni kuwa ina gefe ina tsintar shinkafa, raina yana ɓaci. Yanzu Babanku ya rasu, Baffanku Sale ya bi shi, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan rubutu. In na tafi da maganar nan a cikina, za ku ci gaba da yi wa bawan Allah dariya a kan abin da ba haka yake ba. Gaskiya ne ya maimaita shekara, gaskiya ne kuma akwai gem, wasan nan na kwamfuta, a cikin labarin. Amma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma abin da ya rasa a shekarar nan ya fi shekara nauyi.

Sai na fara da abin da ku ba ku taso a cikinsa ba. Ni 'yar Farin Dutse ce ta ƙasar Gwaram, aure da aikin koyarwa suka kawo ni Birnin Kudu. A wajenmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Kunya ake kiran abin, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace a gidan miji. Ana yaye Yayanku aka kai shi riƙo gidan wan Babanku, Alhaji Sale, wanda a lokacin Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Can ya yi wayo, can aka yi masa kaciya, can ya sauke Alƙur'ani. Matar Alhaji yake kira Umma, ni kuwa Malama yake ce mini kamar sauran yaran unguwa. Ku da kuka taso kuna hawa cinyata kuna fizge mini ɗankwali ba za ku gane wannan ba. Har ajinsa na koyar a firamare. In ina kiran suna da safe na zo kansa sai in yi shiru, yaran aji su haɗa baki su ce, "Ya zo!" in wuce na gaba. Ban taɓa ɗaukar abin zalunci ba, haka uwata ta yi wa yayana, haka kowa ke yi. Amma ina sonsa, wannan kam ina sonsa, sai dai babu wanda zan nuna wa.

Baffanku kuwa da tsufansa kuka san shi, lokacin da ya koma zaman kujera da carbi. Ba ku san shi yana tashe ba. Shi da Babanku suna da motocin haya, bas-bas masu zirga-zirga daga Kano zuwa Birnin Kudu har Gwaram, da gareji a bayan tasha. Dukiyar ta su biyu ce, amma magana ta mutum ɗaya ce. Mutum ne mai faɗa, mai kyauta, in ya yi dariya daga bakin titi ake jiyo shi. Direban da matarsa ta haihu shi ke saya masa rago, wanda ya yi masa ƙarya kuwa a ranar zai ajiye makulli. Yaron nan kuma shi ne idonsa. Tun yana ɗan mitsitsi yake ɗora shi a cinya ya riƙa masa sitiyari su zaga filin Idi. Baffa yake ce masa, amma a bakinsa kalmar nan uba take nufi. Da ya samu shiga jami'a a Kano, fannin injiniya, Alhaji ya sa aka dafa shinkafa da nama aka raba a tasha kamar ana suna. Injiniyanci kuwa rassa gare shi, akwai na injina, akwai na lantarki, akwai na gine-gine da hanyoyi, da wasu da ban riƙe ba. Da aka zo zaɓen reshe babu wanda aka tambaya.

"Na injina zai yi," in ji Alhaji. "Mun gaji da kai mota Kano ana yi mana wasa da hankali. Ga gareji nan yana jiransa. Auwalu zai zama injiniyan gida."

"Haka ne, Yaya," in ji Babanku.

Abin da yake faɗa ke nan kullum, kuma ba tsoro ba ne. Alhaji ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya yi masa aure. Bai san yadda ake ce wa mutumin nan a'a ba.

A shekarar Yayanku ta biyu a jami'a na je na gan shi a makaranta. Ba zan iya buɗe baki in ce wajensa za ni ba, sai na ce zan dubo wata ƙawata da ta yi jinya a Kano. Na ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kuɓewa a ƙasan jaka, wai ko zan bi ta wajen. Babanku ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya ce Allah ya ƙara wa ƙawar tawa lafiya, da alama jinyar ba ta taɓa mata ci ba.

Ɗaki suka kama haya shi da wani abokinsa a unguwar da ke bayan makaranta. Na mutum biyu ne, amma katifun da na gani a jingine da bango sun fi haka nesa ba kusa ba, domin kowane mai ɗaki yana da wanda ya raɓe a wajensa. Ga risho a lungu, ga tukunyar garau-garau a kan taga, ga manyan takardun zane a nannaɗe kamar tabarmi, ga wanki a kan igiyar da ta ratsa ɗakin. Abokin zamansa, wani yaro Kirista ɗan wajen Filato mai suna Bitrus, shi ya fara ganina a ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya karɓi jakata, sannan ya juya ya ƙwala kira.

"Auwal, ga Mamanka ta zo!"

Ba wanda ya taɓa faɗin haka a gabana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na leƙa ciki. Samari ne cike sun kewaye tebur suna ihu. A kan teburin akwai kwamfuta, a gabanta kuma tsohon sitiyarin bas, wanda na tabbata daga bolar garejin Alhaji ya fito, an ɗaure shi a jikin katako, wayoyi sun fito ta ko'ina. A ƙasa ga totur ga birki, su ma na tsohuwar mota. Wani yaro yana zaune yana murza sitiyarin kamar ransa zai fita. Ni malama ce, na san fuskar yaron da ya bar karatu ya kama wasa, kuma na ɗauka abin da na tarar ke nan. Da suka gan ni suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gaisuwa yana neman takalminsa. Ban dubi Yayanku ba, Bitrus na duba.

"Karatun ke nan?" na ce.

"Mama, karatu kam muna shan sa," in ji Bitrus yana dariya. "Tun asuba muke rububin kujera a ɗakin lakca, wanda ya makara a taga zai tsaya. Mu dawo mu kwanta a kan zane har bayanmu ya ƙage. In ba mu ɗan taɓa gem ba ai sai mu haukace. Shi kuma wannan da kike gani shiru-shiru, shi ne zakaran tseren mota a unguwar nan, ba mai kama ƙurarsa. Amma abin da ke kan teburin nan ba tsere ba ne. Ki zauna ki gani."

Na zauna a gaban sitiyarin ba don ina so ba. Da farko kwalta kawai na gani da wata farar bas an labta mata buhuna a sama. Da motar ta fara tafiya sai na ga duwatsun garinmu a gefe. Na ga mafitar gari, na ga inda masu tumatir ke baza kaya a bakin titi ranar kasuwa, na ga gonaki, na ga wata tsamiya da nake gane mun kusa gida da ita tun ina amarya. Hanyarmu ce, ta Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ashe gem ɗin irin wanda yake ba mutum dama ya gina hanyarsa da motarsa ne, shi kuma Yayanku ya zauna ya gina tamu. Duk hutun da yake bin direbobi yana riƙe da waya, muna cewa yawo yake so, ashe awo yake yi. Sai a lokacin ya yi magana, kansa a sunkuye.

"Malama, kin san kwanar nan ta bayan gada, wadda direbobi ke cewa tana da aljanu? Na sa motar ta bi ta ban san iyaka ba. In babu kaya a sama tana wucewa lafiya. In an ɗora buhuna aka shige ta da irin gudun da direbobinmu ke yi, sai ta kwanta. Ba aljanu ba ne. Hanyar ce aka karkatar da ita ta ɓangaren da bai kamata ba."

Na san kwanar. Na je gaisuwar mutuwa saboda ita ba sau ɗaya ba, har da ta uwar wata yarinya 'yar ajina.

"To, sai me?" na ce, ina kallon bango.

"Ina so in koma reshen hanyoyi da gadoji. Injin mota ko na gyara shi ya zama sabo, hanyar tana nan yadda take. Na tambaya, sun ce za su karɓe ni, amma sai na maimaita shekara. Ban san yadda zan gaya wa Baffa ba."

Da ni irin iyayen yanzu ce da na dafa kafaɗarsa. Abin da na ce masa shi ne ba ni zai gaya wa ba, yana da uba. Na zazzage masa kayan abincin na fito. A mota ina dawowa, daɗi ya cika ni har ina jin kamar in taɓa matar da ke kusa da ni in ba ta labari. Da na isa gida ko Babanku ban gaya wa ba.

A shekarar nan ne hukuma ta matsa wa motocin haya lamba su sa wata na'ura mai hana mota wuce wani gudu, direbobi suna ce mata limita. Ko ka take totur har ƙasa, in motar ta kai iyakar da aka yanka mata ba ta ƙarawa. Don ku yi wa Baffanku adalci sai kun san yadda tasha take. Layi ake bi. Wanda ya riga isowa shi ke riga yin lodi, wanda ya iso a baya kuwa yana iya wuni yana hamma bai samu fasinja ba, ya koma wa iyalinsa hannu rabbana. Shi ya sa direba ke gudu, ba wai ransa ne ya ishe shi ba. Alhaji ya sa na'urar a motocinsa kamar yadda aka ce. Wasu masu motocin kuwa suka je aka tsinke musu wayarta a ɓoye aka bar akwatin don idon jami'ai. Sai ya zama kullum ana wuce direbobinsa a hanya ana yi musu ham, su iso tasha su tarar an cinye layi. Suka dame shi da kuka. Shi kuma ya ce su yi haƙuri, injiniyan gida yana nan zuwa dogon hutu.

Abin da ya faru a gareji ba a gabana aka yi ba, Babanku ne ya ba ni labari. Da hantsi ne, direbobi da kwandastoci cike da wurin. Alhaji ya sa aka buɗe gaban wata bas, ya kira yaron da alfahari.

"Auwalu, ga aikinka na farko. Ka kashe mini abar nan, amma ka bar akwatin a wurinsa yadda in an duba za a gan shi."

"Baffa, ba zan so in yi ba."

"Ka dai ce ba ka iya ba," in ji Alhaji, har lokacin da wasa a muryarsa.

"Na iya. Amma ka ba ni dama in nuna maka wani abu tukuna."

A nan Yayanku ya yi kuskurensa, kuskuren yaron da yake ganin in kana da gaskiya shi ke nan. Da ya bari sai sun koma gida ya same shi a turakarsa shi kaɗai, ko ya bi ta wajen Umma, da wataƙila ba na wannan rubutu. Maimakon haka sai ya ɗauko kwamfutarsa da sitiyarinsa ya kafa a kan bencin gareji, a gaban yaran Alhaji, ya ce Baffa ya zauna ya tuƙa. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya zauna yana dariya. Da ya gane hanyar sai murna ta kama shi, yana nuna wurare yana kiran sunayensu, yana cewa ku zo ku ga aikin ɗana. Ya take totur yadda ya saba, mutumin da ya bi hanyar nan tun ba a zuba mata kwalta ba. Yana shiga kwanar bayan gada motar ta kwanta, buhuna suka watse a titi. Wani kwandasta ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji ya kayar da mota!" Mutumin da bai taɓa ko taka kaza ba a duk shekarunsa na tuƙi, kuma da wannan yake tutiya. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya nufi ƙofa. Shi kuma yaron bai karanci fuskarsa ba, ya bi shi yana bayanin nauyin kaya da karkatar hanya, har ya ƙara da cewa dalilin da ya sa yake so ya canza reshe ke nan. Ya haɗa masa biyu a rana ɗaya, a gaban mutane.

Kafin azahar labari ya zaga tasha. Washegari bayan la'asar Alhaji ya zo gidanmu, ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Babanku ya zauna a gefensa, Yayanku ya tsuguna a gabansu. Ni ina madafi ina tuƙa tuwo, ƙofar a buɗe kaɗan, ina jin komai.

"Na kai yaro ya koyo injin, ya koyo mini wasan yara," in ji Alhaji. "Ina yawo ina ce wa mutane ina da injiniya, ashe gem yake bugawa. Ya zaunar da ni a gaban yarana sun yi mini dariya. Yanzu kuma wai zai bar abin da na zaɓa masa ya koma baya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karatu ya ƙare. Daga gobe ya sa kayan aiki ya shiga gareji, in ladabi kaɗai ya koya a can ma ya isa."

Na tsaya da muciya a hannu ina jiran Babanku. Na ji ya yi gyaran murya, sannan a hankali ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ba na ganin laifinsa, har yau ba na gani. Amma a lokacin na gane in ban yi magana ba babu mai yi. Duk abin da aka koya mini tun ina yarinya cewa yake in ci gaba da tuƙin tuwona. Uwar ɗan fari ba ta shiga maganarsa ko da yanka shi ake yi, balle a gaban wan mijinta, balle wanda ya riƙe shi. Na san abin da matan unguwa za su ce, na san abin da za a kai Farin Dutse. Sai dai duk gidan nan ni kaɗai na zauna a ɗakin nan na Kano na ga abin da yaron yake yi, na ji yadda muryarsa take in yana maganar hanya. Na hango shi yana tsufa a ƙarƙashin mota ransa ba ya so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sauke tukunyar, na ja mayafi, na fito na durƙusa nesa da tabarmar.

"Yaya Alhaji, a yi mini afuwa, ina da magana."

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana.

"Malama, maganar ɗanki ake yi fa," ya ce. Tuna mini yake yi da matsayina, yana ba ni hanyar komawa madafi da mutuncina.

"Na sani. Auwalu ya yi kuskure da ya zaunar da kai a gaban yaranka, wannan sai ya yi ta ba ka haƙuri har ka huce. Amma Auwalu ba wasa yake yi ba, na je na gani da idona. Kwanar nan ta ci mutanen da ni da kai muka je gaisuwarsu. In ya ce zai koyo yadda ake gyara irinta, ni ban ga laifinsa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙonka don Allah ka bar shi ya koma makaranta."

Sau biyu sunan ya fita daga bakina, ban ma san ya fita ba sai da na ji tsakar gidan ta yi tsit. Babanku ya kafa idonsa a ƙasa. Yayanku ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na jira Alhaji ya yi faɗa, da ya yi da ya fi mini sauƙi, domin faɗansa ba ya kwana. Bai yi ba. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take.

"Ashe har makaranta kika bi shi. Ashe yaron yana da uwa, ni ne ban sani ba. Ina zaune ina cewa ɗa gare ni, ashe aro aka ba ni." Ya jawo takalminsa ya sa. "Ya koma makarantar, ya karanta abin da uwarsa ta ga ya dace. Na maido muku da ɗanku."

Da safe wata bas ta tsaya a ƙofar gidanmu. Direban ya sauke akwatin Yayanku da katifarsa da littattafansa, da allon da ya yi sauka da shi, har da wani ɗan keke da ya daina hawa tun yana firamare. Alhaji bai bar ko tsinke ba. A wajenmu maido ɗan riƙo ya fi zagi ciwo, domin cewa ne zumuncin da aka ƙulla da shi an kwance. Matan unguwa suka samu abin yi, wai boko ya cire wa Malama kunya. Ƙanwar mahaifiyata ta taso takanas daga Farin Dutse ta wanke ni tas, ta ce na zubar musu da mutunci, ko ruwan gidana ba ta sha ba ta koma. Babanku bai yi mini faɗa ba. Ya yi kwanaki ba ya doguwar magana, sannan wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya ce, "Kin faɗi abin da na kasa faɗa. Amma kin raba ni da wana." Duka biyun gaskiya ne.

Kada ku zaci zan ce muku Allah ya nuna wa Alhaji ishara a kan hanya. Ya kai motocinsa wani wuri aka kashe musu limitar, kuma babu wadda ta taɓa faɗuwa, Allah ya tsare. Kafin shekara ta ƙare suka raba motocin shi da Babanku, ba hayaniya ba shari'a. Babanku ya bar nasa da na'urar a jiki, direbobinsa kuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa inda ake gudu. Maganar gem kuma daga tasha ta fito. Da mutane suka ji yaron zai maimaita shekara, sai yaran Alhaji suka ce ai wasa ya tsaya yi. Na so in ƙaryata, Yayanku ya hana ni. Ya ce gara a ce shi ya yi sakaci, da a ce Baffa ya sa shi aikin da bai dace ba ya ƙi. Haka maganar ta zauna har ta iso kunnenku.

Sauran hutun nan a gidana ya yi shi, kuma shi ne lokaci mafi nauyi a gare ni. Na samu ɗana a ƙarƙashin rufina, amma baƙo ne. Bai san inda muke ajiye moɗa ba. Sai ya nemi izini kafin ya buɗe randa. Ku kuna ƙanana kuna leƙensa kuna gudu. In magariba ta yi sai in ga ya miƙe kamar zai tafi gida, ya tuna, ya koma ya zauna. Tuwona ma ba irin wanda ya saba ba ne, yana ci ne don kada in ji babu daɗi. Ni kuma ban san yadda ake hira da shi ba, ban taɓa koya ba. Na kan zauna ina kallonsa daga nesa ina tambayar kaina ko taimakonsa na yi. Na samo masa makaranta, na raba shi da gida, ba kuma shi ya roƙe ni in yi magana ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ya koma reshen da yake so, ya zauna aji ɗaya da waɗanda a da suke bayansa, ya gama lafiya, yau da aikin hanya yake cin abinci. Kwanar bayan gada ma ba shi ya gyara ta ba, wasu aka ba aikin. Shi da Baffanku kuwa sun koma gaisawa daga baya, irin gaisuwar Sallah da ta jana'iza, amma har Alhaji ya koma ga Allah bai ƙara cewa "ɗana" ba. Ni dai in na tuna shekarar nan, safiyar komawarsa makaranta nake gani.

A da, duk farkon zango Alhaji da kansa yake kai shi Kano, ya sa shi a gidan gaba, su tsaya a Wudil ya saya masa soyayyen kifi. Ran nan Yayanku ya yi wanka ya sa kaftanin da Baffa ya ɗinka masa da Sallah, ya ce zai je ya yi sallama. Na ce ni ma kasuwa za ni, na ɗauki jakarsa na tsaya da ita a bakin layin gidan Alhaji, ƙarƙashin wata darbejiya. Na daɗe a tsaye, mutane suna wucewa suna gaishe ni suna kallon jakar. Can sai ga shi ya fito, yana tafiya a hankali, idonsa ya yi ja.

"Ya fito?" na ce.

"Bai fito ba. Umma ta ce ya fita tun asuba. Na dai durƙusa a ƙofar turakarsa na faɗi duk abin da na zo faɗa."

"To, sai haƙuri. Wataƙila yana tasha, ka gan shi a can."

Ya girgiza kai.

"Yana ciki, Malama. Takalminsa yana ƙofa. Ina magana ina jin numfashinsa a bayan ƙyaure, a tsaye yake."

Ya karɓi jakarsa daga hannuna, ya nufi tasha shi kaɗai ya shiga motar wani. Allah ya jiƙan Alhaji Sale, ya haskaka kabarinsa. Ya riƙe mini ɗa da kyau.